KIRARI DABAN, SHAIDA DABAN: INA KUNDIN BAJINTAR KANO PILLARS?

Sanin kowa ne cewa a ɗakunan kwananmu na jami'a, in ka ɗebe zancen siyasa da na jarrabawa, babu hirar da ta kai ta ƙwallo ɗaukar zafi. Abin da ya ja hankalinmu kuwa shi ne irin ilmin da ake bajewa a wajen wannan gardama. Ga ɗalibi nan wanda in ka tambaye shi shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa sai ya sosa ƙeya, amma da zarar ka ambaci Manchester United, nan take zai gaya maka Ryan Giggs ya buga mata wasa 963, Wayne Rooney ya ci mata ƙwallo 253, ya wuce Bobby Charlton mai 249. Na kusa da shi ya karɓe, ya ce ai Thierry Henry ya ci wa Arsenal 228. Ba su ƙara ba, ba su rage ba. To, sai ka juyo da su gida, ka ce wa ya fi kowa buga wa Kano Pillars wasa tun da aka kafa ta, kuma sau nawa? Nan fa ɗaki zai yi tsit, ko kuwa ya kaure da musu, kowa da nasa lissafin, kowa kuma daga bakin wani ya ji.

Ba mu ga laifin waɗannan 'yan'uwa namu ba. Sun haddace abin da suka samu a rubuce ne. Can a Ingila an sami waɗanda suka zauna da alƙalami suna ƙidaya wasa bayan wasa, shekara da shekaru, har lissafi ya zama abin da yaro zai ɗauka a Fagge ya yi gardama da shi. Mu kuwa a nan abin da muka ba ƙarfi shi ne kirari. "Sai Masu Gida!" Da daɗin ji, ko shakka babu, kuma filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yakan girgiza in an ɗauka. Amma aikin maroƙi daban, aikin magatakarda daban. Maroƙi yana zaɓen abin da zai faranta ran ubangidansa ya bar saura. Magatakarda kuwa, in mai amana ne, yakan rubuta ranar farin ciki da ranar kunya da tawada iri ɗaya. Ra'ayinmu shi ne ƙungiyar da ta kai girman Pillars ta isa a yi mata magatakarda, kuma mu masu karatun boko ne ya kamata mu fara jin kunyar rashinsa.

Bari mu fara da abin da babu gardama a kansa, domin yabon gwani ya zama dole. An kafa Kano Pillars a 1990, shekarar da aka fara gasar lig ta ƙwararru a Nijeriya, ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku na cikin gari, watau WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Sai da ta yi shekara 18 kafin ta ɗauki kofin lig na farko a 2008. Daga nan ta ci uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, bajintar da kafin ita Iwuanyanwu Nationale ta yi daga 1988 zuwa 1990, Enyimba ta Aba kuma ta yi daga 2001 zuwa 2003. Huɗu ke nan. Enyimba ta kai tara a 2023, Rangers ta Inugu ta kai takwas a 2024, saboda haka mai gaskiya ba zai ce Pillars ce kan gaba a ƙasa ba; amma a Arewa babu wadda ta kama ƙafarta a yawan kofin lig. A 2019 kuma ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a Kaduna, bayan ta tashi babu ci da Niger Tornadoes, aka raba gardama da bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Ko a wannan kofi na 2019 ma akwai ɗan abin lura. Kano ta taɓa cin wannan gasa a 1953, zamanin ana ce da ita Kofin Gwamna, kuma a wasu jerin sunaye za ka tarar an rubuta wannan nasara da sunan Pillars. Yaya ƙungiyar da aka haifa a 1990 za ta ci kofi shekara 37 kafin haihuwarta? Nasarar 1953 ta birnin Kano ce da 'yan wasan da suka wakilce shi a lokacin, kamar yadda kofin lig na 1978 na Raccah Rovers ne. Duk wanda ya kwashe waɗannan ya zuba a taskar Pillars, ya yi wa tsofaffin nan ƙwace, ita kuma Pillars bai ƙara mata kome ba sai abin da ba ta nema ba.

Yanzu sai mu zo kan lambar da kowane mai goyon bayan ƙungiyar ya fi alfahari da ita. Daga 2003, lokacin da Julius Berger ta Legas ta zo ta yi nasara a Kano, babu ƙungiyar da ta sake doke Pillars a gida a gasar lig sai a watan Agusta na 2015, ranar da Nasarawa United ta ci ta biyu da ɗaya. Shekara 12, wasa 202 bisa ƙidayar da jaridu suka buga a lokacin. Domin mai karatu ya gane nauyin wannan lamba, Real Madrid, a zamanin su Di Stefano da Puskas da Gento, wasa 121 ta jera a gida ba a doke ta ba a gasar Sifen, daga 1957 zuwa 1965, kuma har gobe ana ba da labarin abin. Yaron da aka sa a aji ɗaya na firamare a 2003 ya kai ƙarshen sakandare bai taɓa ganin baƙo ya tafi da maki uku daga hannun Pillars a gasar lig ba.

Amma fa lamba ba ta magana da kanta, sai an tambaye ta. Duk wanda ya san gasar lig ta ƙasar nan a waɗancan shekaru ya san cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske ga kowace ƙungiya, manya da ƙanana. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ƙungiyar da ta taso daga Fatakwal ko Aba takan wuni cur a cikin mota, wani lokaci har da kwana, ta sauka ƙafafu a kumbure, ta shiga fili cikin zafin da ba ta saba da shi ba. Hanyar ma ba ta da aminci: ita kanta Pillars, a watan Maris na 2015, 'yan bindiga sun buɗe wa motarta wuta a hanyar Abuja zuwa Lakwaja tana kan hanyar zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. Ga kuma abin da ba a so a faɗa a bainar jama'a, watau halin da alƙalin wasa yakan sami kansa a filayen ƙasar nan, mutum uku a tsakiyar dubbai, ba isasshen tsaro, kowa kuma yana kallon bakin usur ɗinsa. Wannan ciwo ne na gasar baki ɗaya, daga Maiduguri har Warri, kuma duk wanda zai karanta tarihin nasarar gida na kowace ƙungiya dole ya karanta shi da wannan a zuciya.

Wani zai ce to, ashe ke nan lambar 202 ba ta da daraja? A'a, ba mu faɗi haka ba. Sauran ƙungiyoyi ma sun sami wannan gata na gida, da zafin rana da nisan hanya da ihun 'yan kallo, amma babu wadda ta jure shekara 12. In da gida kaɗai ke yi, da kowa ya yi. Abin da muke nema shi ne a ajiye wannan lamba kusa da 'yar'uwarta: a cikin waɗannan shekaru 12, wasa nawa Pillars ta ci a waje? Ƙwallo nawa ta zura, nawa aka zura mata? A cikin 202 ɗin nan, nawa ne nasara, nawa ne canjaras? Kundi na gaskiya yakan jera su duka a shafi ɗaya, mai karatu ya auna da kansa. In an nuna ɗaya an ɓoye ɗaya, abokan hamayya za su cike gurbin da zato, zato kuwa ba ya yi wa kowa adalci.

A ganinmu ma, in za a auna bajinta da ma'aunin gaskiya, wasa guda da aka yi a Alƙahira a 2009 ya fi nauyi a kan wasanni da yawa na gida. A shekarar ce Pillars ta fara shiga gasar zakarun Afirka, aka haɗa ta da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin, ta kuma ci shi sau shida kafin lokacin. An tashi ɗaya da ɗaya a wasan gida, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai ga shi an je Masar an tashi biyu da biyu, Pillars ta wuce saboda yawan ƙwallon da ta ci a waje. Can babu zafin Kano, babu ihun Ƙofar Mata, babu wanda zai ce an yi mata alfarma. Daga nan ta zo ta ɗaya a rukuninta, a gaban Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da ZESCO ta Zambiya. Wannan shi ne shafin da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe.

Sai dai shafin da ke biye da shi ma a rubuta shi. A wasan kusa da na ƙarshe, Heartland ta Owerri, 'yar gida ɗaya, ta ci Pillars huɗu da nema, ta sake cin ta ɗaya da nema a karo na biyu. A shekarun 2013 da 2014 da 2015, lokacin da take sarautar Nijeriya, ko matakin rukuni ba ta kai ba a Afirka. A 2018, a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba, tana gaba da ci uku da nema, Rangers ta farke duka ukun, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. A 2022 ta faɗo daga babbar gasa bayan an zaftare mata maki saboda tarzoma a filin wasa, sai a 2023 ta dawo. Mun san akwai waɗanda za su ce tonon silili muke yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda bai san abin da ya faru a Asaba a 2018 ba, ba zai gane dalilin hawayen da aka zubar a Kaduna a 2019 ba, domin daɗin na biyun daga ɗacin na farkon ya samo asali.

Inda abin ya fi ciwo kuwa shi ne wajen 'yan wasa. Kofi dai ƙarfe ne, yana nan a ajiye, ana iya ƙirga shi. Gumin mutum ɗaya kuwa, in ba a rubuta ba, ya bi iska. Abin da ya tsira na bajintar ɗaiɗaikun 'yan wasa, galibi wanda ya shafi kaka guda ne, domin shi ne jaridu ke bugawa a ƙarshen shekara. Ta haka muka san cewa a kakar 2009 zuwa 2010 Ahmed Musa, yana yaro matashi, ya ci wa Pillars ƙwallo 18, ya kawar da tarihin 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Bai daɗe a kan kujerar ba, Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 a 2011, Mfon Udoh na Enyimba ya kai 23 a 2014. A cikin gidan Pillars kuwa, Junior Lokosa ya ci 19 a 2018. Mai gaggawa zai ce ƙwallo ɗaya ce tsakaninsa da Ahmed Musa. Amma kakar Ahmed Musa cikakkiya ce mai wasa 38, ta Lokosa kuwa an tsayar da ita bayan wasa 24. Ashe ka ga, ko lambar da muka samu ma sai an rubuta mata bayani a gefe, in ba haka ba ta zalunci wani.

To, ina batun wanda ya yi shekaru yana hidima, ba kaka ɗaya ba? Ɗauki Rabi'u Ali, wanda Kano ke kira Pele. Yana cikin waɗanda suka ci kofi uku a jere, ya ci gaba da buga wa ƙungiyar wasa har ya haura shekara 40, kuma marubuta wasanni sun yarda ya wuce ƙwallo ɗari a gasar lig. Amma ka nemi ainihin adadin, wasa nawa, ƙwallo nawa, a wace kaka, a ragar wa, sai ka ga wannan ya faɗi wata lamba, wancan ya faɗi wata. A Madrid an yi shekaru ana jayayya a kan ƙwallo ɗaya tak ta Cristiano Ronaldo, wadda ya buga a wasan Real Sociedad a watan Satumba na 2010 ta taɓa Pepe ta shiga raga; saboda ita wasu ke ce masa 450, ƙungiyar kuma ta ce 451. Jayayyarsu a kan ɗaya ce, domin sauran suna rubuce da kwanan wata. Mutumin da ya ba Kano ƙuruciyarsa ya cancanci a san lissafinsa daidai da haka. Haka Gambo Muhammad, haka marigayi Chinedu Udoji da ya rasu a hatsarin mota a Kano a watan Fabrairu na 2018, haka masu tsaron gida da 'yan baya waɗanda aikinsu ba ya fitowa a jerin masu cin ƙwallo ko kaɗan.

Kada kuma a ɗauka muna bautar lamba ne. A watan Yuli na 2013, a wasannin neman hawa mataki na ƙananan ƙungiyoyi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, a daidai lokacin da Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema, kowace na neman ta fi ɗayar yawan ƙwallo. Duniya ta yi mana dariya, hukumar ƙwallo ta ƙasa ta dakatar da masu hannu a ciki. Waɗannan ma lambobi ne, kuma an rubuta su. Lamba tana da daraja ne gwargwadon amanar wanda ya samar da ita da wanda ya rubuta ta.

Ga 'yan'uwanmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, akwai wata fuska ta wannan magana da ta shafe ku kai tsaye. Kano Pillars mallakar gwamnatin jiha ce. Daga baitulmalin jama'a ake biyan albashi da kuɗin mota da na masauki. Ma'aikacin da ba zai yarda a sayi ko da kujerar ofis ba tare da takarda ba, bai kamata ya ga ajiye lissafin wasanni a matsayin abin wasa ba. Bugu da ƙari, a ƙwallon zamani takarda kuɗi ce. Dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, za a ware kashi biyar cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Leicester ta Ingila ta sayi Ahmed Musa a 2016 a kan kimanin fam miliyan 16. Mai karatu ya lissafa kashi biyar na irin wannan kuɗi ya gani. Ba a neman irin wannan haƙƙi da kirari, sai da rajista mai nuna ranar da yaro ya shigo da ranar da ya fita. Shi kansa ɗan wasa, in ya zauna cinikin kwantiragi, ko ya nemi aikin koyarwa bayan ya rataye takalmi, me zai nuna in ba lissafin aikinsa ba?

Abin mamaki shi ne a Kano ake wannan rashi. Garin da malamansa suka rubuta tarihin sarakunansa tun daga Bagauda, kowane sarki da yawan shekarun da ya yi, da yaƙin da ya ci da wanda aka ci shi, har wani Bature, Palmer, ya fassara littafin zuwa Turanci a 1908. Garin da 'yan kasuwarsa ke riƙe da littafin bashi na shekaru ba a ɓatar da kwabo ba. Ba za a ce ajiye lissafi baƙon abu ne a wurinmu ba. Kawai dai mun ɗauki tamaula a matsayin shagalin yara, alhali kuwa babu wani abu, in ka ɗebe Salla da siyasa, da ke tara dubban mutanen birnin nan a wuri guda kamarta.

Aikin kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Kowane wasan lig yana da takardar da alƙalin wasa da kwamishinan wasa ke cikawa, mai ɗauke da sunayen 'yan wasa da waɗanda suka ci ƙwallo. Tsofaffin jaridu irin su New Nigerian da Triumph da Gaskiya Ta Fi Kwabo suna nan a ɗakunan karatu na jami'o'inmu da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Kowace shekara ɗaruruwan ɗalibai a sashen Tarihi da na Hausa da na Aikin Jarida da na Motsa Jiki suna neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri a kai, da yawa kuma sukan ƙare da maimaita abin da na gabansu suka yi. In ɗalibi ɗaya ya ɗauki kaka ɗaya, ya bi ta wasa bayan wasa, ya rubuta abin da ya tabbatar, ya nuna inda jaridu biyu suka saɓa, aji guda ya isa ya gama tarihin Pillars tun daga 1990. Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ɗauki nauyin haɗa wannan aiki, a buga shi da Hausa, domin masu cika filin Ƙofar Mata su iya karantawa, su kuma gyara inda aka yi kuskure.

Sashen da ba zai jira ba shi ne na kafin 1990. Waɗanda suka ci wa Raccah Rovers kofi a 1978, duk wanda ke raye a cikinsu dattijo ne, kuma yawancin abin da suka sani a ƙwaƙwalwarsu yake, da wasu hotuna a ƙarƙashin akwati. Da su ya kamata a fara a hutun da ke tafe, a je har gida da na'urar ɗaukar magana, a tambaye su wa ya tsaya a gola, wa ya ci, a wane fili, sa'an nan a dawo a gwada da abin da jaridun shekarar suka buga.